Haɗa shayi a gida: awo da maganin bauri

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Don Allah masana, yaya ake auna ganyen shayi da citta da kirfa da kanumfari idan mutum zai fara haɗa nasa? Kuma me ke kawo bauri, da yajin nan mai kashe harshe?

Mai Tebur: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwalba biyu za ki tanada, ɗaya ta ganye, ɗaya ta kayan ƙamshi, domin dahuwarsu ba ɗaya ba ce. Busasshiyar citta da kirfa da kanumfari sai sun yi minti 10 suna tafasa a wuta kaɗan kafin su saki ƙamshinsu. Baƙin ganyen shayi kuwa minti 3 zuwa 4 ya ishe shi, shi ma bayan an sauke tukunya. Idan aka bar shi yana tafarfasa tare da su, daga nan bauri ke shigowa, kuma sukari ba ya ɓoye shi.

Awon farko: cokalin cin abinci 4 na citta, 2 na kirfa, rabin cokali na kanumfari, sai ƙwayar masoro kamar 10. Kowane kofi, cokalin shayi 1 na haɗin, cokali 1 na ganye. Kanumfari ne ke kashe harshe, mansa na da ƙarfi, ƙwaya 2 ta ishi kofi.

Inna Ladidi: Ƙari a kan na Malam: 'yata, kada ki kai niƙa. Ɓarza su za ki yi a turmi mai tsabta, wanda bai ga daddawa ko attarugu ba, su zama kamar tsakin masara. Gari yakan zauna a gindin kwalba, cokalin farko ya zo salam, na ƙarshe ya zo da yaji, ga shi yana tsallake rariya ya dagula shayin. Na'a-na'a kuma a inuwa ake shanya ta har sai ganyen ya rugurguje tsakanin yatsu. Da sauran danshi aka rufe, fumfuna ce za ta biyo baya. Ki haɗa na wata ɗaya kawai, ki nisanta kwalbar da murhu, don ganyen shayi na zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi.

Ummu Hanan: Na gode ƙwarai. Zoɓo fa, zai shiga?

Ɗan Damagaram: Zai shiga, amma ba a shayin madara ba, tsaminsa na tsinka madara nan take. Kamar fure 3 a kofi tare da citta ya wadatar. Wajen ganye, na Mambila a jihar Taraba yana karɓar madara da citta sosai. Koren shayin Sin da ake ataya da shi wata tafiyar ce: Buzaye na tafasa shi a kan gawayi, ɗacin ma ana so, shi ya sa ake cika sukari. In ba ataya za ki yi ba, ki bar ruwan ya huce minti 3, ki ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi, sannan ki jiƙa shi minti 2 da na'a-na'a.