Me za mu kira "triple" da Hausa? Masu harkar babur ku zo mu tsayar da magana

Salamu alaikum 'yan uwa, ina neman taimakonku da kalma ɗaya tak. Turawa masu ajiye tsofaffin babura suna da wani aji da suke ce wa triple, wato babur ɗin da injinsa fistin uku ne a jere kowanne da nasa ramin, kuma ba ƙaramin abu bane a wajensu don har ƙungiyoyi gare su na masu irin wannan injin kaɗai, suna musayar kayan gyara suna koya wa juna aiki. Ina so in riƙa rubutu kan gyaransu da Hausa amma duk sunan da na ɗauko sai in ga da matsala a jikinsa, shi yasa nace bari in kawo gaban masu abin.

Tun farko dai kar wani yace "mai ƙafa uku" ko "mai uku" kawai. Kana faɗin haka a Kano adaidaita sahu za a nuna maka, shi kuwa tayoyinsa ne uku, injinsa fistin ɗaya ne tilo. Abin da nake magana a kai tayarsa biyu kamar kowane babur, a cikin inji ukun take.

Bari in faɗi irin baburan da nake nufi don mu san me muke raɗa wa suna. A 1968 Ingila ta fitar da Triumph Trident da BSA Rocket 3, kusan inji ɗaya ne 740cc sai dai na BSA ya ɗan karkata gaba na Triumph yana tsaye, kuma an ja ƙafa wajen fitar da su, ba su daɗe da fitowa ba Honda ta zo da CB750 mai fistin huɗu a 1969 ta kwashe kasuwa, duk da haka wani Trident da ake wa laƙabi da Slippery Sam sai da ya ci tseren tsibirin Man a ajinsa shekara biyar a jere daga 1971 zuwa 1975. Japan kuma Kawasaki ta kawo H1 500cc a 1969 sannan H2 750cc, waɗannan irin injin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur kamar Vespa ko tsohon Suzuki 100 da muka sani, ga hayaƙi ga ƙara ga gudu na fitar hankali, firem da birki kuma ba su kai ƙarfin injin ba shi yasa suka yi ƙaurin suna. Suzuki ta yi GT380 da GT550 da babbansu GT750 mai lagireto wanda 'yan Ingila ke kira da sunan butar shayi saboda ruwa ke sanyaya shi. Italiya akwai Laverda Jota. Yamaha ta yi XS750 a 1976 sannan XS850, ba su da sarƙa, farfela ce ke juya tayar baya kamar mota. Jamus ta rufe da BMW K75 a 1985. To duk waɗannan nake son suna ɗaya ya ɗauke su.

Wanda ya fara zuwa min a rai shi ne "mai fulogi uku" don haka kanikawanmu ke ƙirga injin mota, kaji ana cewa mai fulogi huɗu ce, mai fulogi shida ce, ƙananan motoci irin Hijet ma a ce mai fulogi uku kowa ya gane. Gaskiya na so shi sosai don ba sai an koya wa kowa ba. Amma a babur akwai tarko, Bajaj da ta cika mana gari tana yin inji mai fistin ɗaya da fulogi biyu a Pulsar, kai Pulsar NS200 ma fulogi uku ne cur a kan fistin ɗaya tal. Kaga in na rubuta "mai fulogi uku" yaro mai NS200 zai ɗauka da shi nake, ya je yana neman kafireta ta biyu da ta uku a babur ɗin da babu su. To wannan ya faɗi.

Sai "mai salansa uku". A Kawasaki ya yi daidai, biyu a dama ɗaya a hagu, da ka hango bayansa ka san shi ne. Amma Suzuki GT750 salansa huɗu gare shi don na tsakiya ya rabu biyu, Trident salansa biyu, XS750 na farko duka ukun sun haɗu sun fita ta guda ɗaya daga baya aka mayar da su biyu, balle kuma salansa ita ce abu na farko da mai son gyara babur ke cirewa ya saka wata. Sunan da zai canza ranar da mai walda ya taɓa babur ai ba suna bane.

Ina jiran ra'ayoyinku kafin in faɗi nawa.

Ƙari: Masha Allah na ga amsoshi, Allah Ya saka da alheri. Oga da kace "mai kai uku" ko "mai bulok uku", Allah Ya ƙara basira, na san daga ina ka ɗauko, in ka kwance Kawasaki H1 ko H2 tabbas kai uku za ka sauke daban-daban da bulok uku, har kana iya cire na hagu ka bar sauran a ɗaure. Sai dai oga Trident da XS750 da GT750 kai ɗaya ne dogo ya rufe duka ramukan uku, bulok ɗin ma ɗaya ne, in gaskit ya ƙone a gefe guda dole ka ɗaga gaba ɗaya. In muka ce mai kai uku mun kori fiye da rabin gidan kenan.

Ɗan uwa da yace "mai kafireta uku", wannan ya fi kusa don yawancinsu haka suke kuma a nan ne ma wahalar take, amma K75 injekta gare shi ba shi da kafireta ko ɗaya.

Tunda an taɓo kafireta bari in ɗan tsaya a nan don shi ne dalilin da yasa na damu da sunan ya ƙirga abin da ya kamata. Mai irin wannan babur komai nasa uku-uku yake saye, fistin uku, ringi saiti uku, fulogi uku, a Trident da XS750 na farko har kontak, wato makunnin da ke saka lokacin da fulogi zai ba da wuta, saiti uku ne kowanne sai an saita masa lokacin wutarsa shi kaɗai, shi yasa yawancin masu su ke cire kontak ɗin su saka wuta ta lantarki su huta. Kafiretocin kuma bai isa ka wanke su fes ba sai ka daidaita su suna buɗewa tare, da geji ake yi ana kallon yadda kowacce ke zuƙar iska, in ɗaya ta riga 'yan uwanta babur zai ta rawa a sulo yana tari kana zargin fulogi alhali ba ruwansa. In kana so ka san wane rami ne baya ci, ka tayar da shi da sanyi ya yi kamar minti ɗaya sai ka yayyafa ruwa a wuyan salansa ɗaya bayan ɗaya, wanda ke aiki ruwan zai yi cuu ya ƙafe nan take, wanda ya mutu za ka ga ruwan yana gangarowa abinsa. Kuma sau da yawa na tsakiya ne ke ba da ciwon kai, shi ne a matse tsakanin biyu iska bata isarsa kamar na gefe, hannu ma baya shiga wajensa da daɗi, masu Kawasaki sun daɗe suna kuka da shi. Duk wannan bayanin ba zai fito ba sai sunan ya sa mai karatu ya hango ramuka uku a jere, hagu, tsakiya, dama.

Malam da ka kawo "mai silinda uku", ranka ya daɗe wannan shi ne daidai a ma'ana babu ja, kuma na ga wasu sun ce silinda tukunyar gas ce a kunnen mutane, ni ban ga matsala a nan ba don ba wanda zai ji babur mai silinda uku ya ɗauka girki ake. Abin da kawai nake gani ya yi tsawo a baki, ba za ka tsaya a gareji kana ta maimaita babur mai silinda uku, injin mai silinda uku ba, Turawan ma ai don gudun haka suka yanke shi ya koma kalma ɗaya. "Mai fistin uku" ma haka, daidai ne amma dogo. Wanda yace mu ce "tiriful" kawai mu wuce, ban ƙi aro ba wallahi, fulogi da salansa da giya duk aro ne kuma sun zauna daram, amma su an aro su ne don ba mu da abin, uku kuwa muna da ita.

To ga nawa. Mu a Hausa in mace ta haifi biyu tagwaye ne, in uku ne 'yan uku, wanda ba shi da ɗan uwa kuma tilo. Me zai hana mu ce injin tilo ga irin Boxer da Jincheng, injin tagwaye ga mai fistin biyu kamar Triumph Bonneville ko Yamaha XS650, injin 'yan uku ga waɗannan da muke magana, CB750 kuma 'yan huɗu. Abin da ya burge ni shi ne sunan baya ƙirga wani ƙarfe da za a iya cirewa ko a ƙara, yana nuna abubuwa ne masu kama ɗaya da suka fito tare kuma suke aiki a ciki ɗaya, karanshaf ɗaya, wato sandar da fistin ke juyawa, ke ɗauke da su duka. Kuma ba wanda zai ce wa adaidaita 'yan uku, ruɗanin tayoyi ya kau. Gwada shi a baki kaji: "Wannan Yamaha ɗin 'yan uku ne." "Na tsakiyan 'yan ukun ne ya ɗauke wuta." "Kana da gaskit na 'yan uku?" Ni dai ya zauna min.

Ɗan uwanmu na Maraɗi da kace ku can buji kuke ce wa fulogi, babur kuma moto, na gode da wannan don ya ƙara min hujja, da mun tsaya kan fulogi da sai mun yi suna biyu, ɗaya na Najeriya ɗaya na Nijar, 'yan uku kuwa daga Kano har Damagaram ma'anarsa ɗaya.

Akwai wanda ya yi tambaya mai kyau, yace 'yan uku ai tare ake ganinsu, shin fistin ɗin ma tare suke hawa da sauka? A'a yallaɓai. A yawancinsu an raba zagayen karanshaf gida uku daidai, digiri 120 tsakanin kowanne, ɗaya na sama ɗaya na hanyar sauka ɗaya na hanyar hawa, daga nan ne wannan kukan nasu mai daɗi ke fitowa wanda ba irin na tagwaye ba kuma ba irin na 'yan huɗu ba. Laverda ce ta bambanta a Jota na farko, na gefe biyu suna hawa tare na tsakiya yana sauka, digiri 180, shi yasa yake girgiza sosai da wata irin ƙara mai kaushi, sai a farkon shekarun 1980 suka koma 120. Sunan bai yi alƙawarin tare suke motsi ba, yawansu kawai ya faɗa, don haka ya ɗauki Laverda ma.

Abin da zan bi kenan tunda mafi yawanku kun amince, a farkon rubutu zan sa "babur mai silinda uku" sau ɗaya saboda wanda bai saba ba, daga nan sai in ci gaba da 'yan uku, ramukan kuma na hagu, na tsakiya, na dama kamar yadda mutum yake zaune a kan babur ba yadda yake kallonsa daga gaba ba, don kar a saya wa na hagu abin na dama.

Rubutu na farko insha Allah kan 'yan ukun Yamaha ne, XS750, matsalar giya ta biyu da ke zamewa a na farko-farkon da kuma famfon man nan na ƙarƙashin tanki da in robarsa ta tsufa yake sakin fetur ya bi ta kafireta ya gangara cikin baƙin mai babur yana ajiye. Kafin nan duk wanda ya samu irinsa da ya daɗe a jingine, don Allah ya buɗe murfin baƙin mai ya shinshina kafin ya tayar, in ya ji warin fetur ya juye baƙin man ya zuba sabo tukuna.