Open standard da Hausa, wace kalma za mu tsayar?

Jama'a masu harkar kwamfuta dan Allah ku matso. Ina ta ganin ana rubuta buɗaɗɗiyar ƙa'ida a madadin open standard, ni kam bai kwanta min ba.

Abin da ake nufi shi ne irin su HTML da CSS, ƙa'idojin da suka sa shafin da ya buɗe maka a Chrome zai buɗe a Firefox ko Safari, wato burauzoji, manhajojin buɗe shafukan intanet. Kamfanoni na zama a ƙungiyoyin tsara ƙa'idojin shafukan intanet irin su W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, su daddale a kai. Kamar mudu ne a kasuwa, ba na wani ɗan kasuwa ɗaya ba ne, in ko wani ya doke gindin nasa to an shiga rigima.

To buɗaɗɗe bai nuna wannan ba. Chromium ma, tushen da aka gina Chrome a kansa, ai a buɗe yake kowa na iya duba lambobinsa, amma Google ke riƙe da akalarsa kuma Edge da Opera da Brave duk a kansa suke tafiya, shi ya sa a 2023 da ma'aikatan Google suka kawo shawarar Web Environment Integrity, wai shafi ya riƙa tantance burauzarka kafin ya yarda da kai, Mozilla mai Firefox da masu burauzojin Vivaldi da Brave suka ce ba su yarda ba, kafin shekarar ta ƙare aka janye ta. Mutane ba su manta da Microsoft ba, tun shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar a 1998 ake zarginsu da rungumar ƙa'ida, su ƙara mata abin da burauzarsu Internet Explorer kaɗai ke ganewa, har abokan hamayya su mutu.

Wani Malam a cikin masu sharhi a ƙasa ya ce a kira shi ƙa'idar tarayya. Malam Allah ya ƙara basira, ma'anar ta fita, sai dai ɗan Najeriya na jin tarayya Abuja zai tuna, ya ɗauka dokar gwamnati ce. Wata 'yar'uwa kuma ta ce ma'aunin bai ɗaya, wannan ya yi daɗin baki amma caja ɗaya ma da kamfani ya tilasta wa kowa ai bai ɗaya ce.

Ni dai ƙa'idar haɗaka nake gani, don kayan haɗaka ba mai sauya shi sai da yawun sauran. Jam'i ƙa'idojin haɗaka. Sai mu ce HTML ƙa'idar haɗaka ce, Flash kuwa, tsohuwar fasahar nuna bidiyo da wasanni a shafuka, mallakar kamfanin Adobe ne. 'Yan Nijar ku faɗa mana ko haɗaka na tafiya haka a wajenku.