DateTimePicker yana ba ni -16 a lissafin awannin aiki, ina matsalar take?

Sabon_shiga:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ku taimaka min, wata yar manhaja nake haɗa wa wani gidan burodi da yaren kodin na C# ta lissafin awannin ma'aikata, na sa DateTimePicker (akwatin zaɓar kwanan wata da lokaci) guda biyu ɗaya na shiga ɗaya na tashi, Format ɗin na mayar da shi Time. Masu aikin rana lafiya lau, 8 na safe zuwa 4 na yamma yana ba ni awa 8, amma masu kwana da suke shiga 10 na dare su tashi 6 na safe sai ya fito min da -16. Wlh tun jiya nake fama da shi kuma da wannan lissafin za a biya mutane kuɗinsu ƙarshen wata.

Tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam. Malam ai kwamfutar gaskiya ta faɗa maka. Shi Value, wato abin da DateTimePicker ɗin ya ajiye, ba lokaci kaɗai ne a cikinsa ba, akwai kwanan wata a ɓoye ko da ba ka ganinsa, kuma duka biyun na yau suka ɗauka, to ka ga 6 na safen yau ya riga 10 na daren yau da awa 16. Ka fara kwatanta su, in lokacin tashi bai kai na shiga ba sai ka yi masa AddDays(1), wato ka ƙara masa kwana ɗaya, kafin ka debe, zai ba ka 8 cif. Kuma kar ka kuskura ka kwatanta su ta Text, wato rubutun da ke fitowa a akwatin, a rubuce 9:00 ya fi 10:00 girma tunda harafin farko yake dubawa.

Yar_kodin:
Ƙari a kan na Tsohon_hannu, dan Allah ɗan uwa ka kula da Hours da TotalHours na TimeSpan ɗin, wato tazarar da kake samu in ka debe lokutan biyu. Wanda ya yi awa 8 da minti 30, Hours zai ce maka 8 ne kawai, TotalHours ne zai ba ka 8.5. Ni wannan ya taɓa kama ni, sai da wata ma'aikaciya ta yi ƙorafi kuɗinta ba sa cika sannan na gano rabin awa nake yanke mata kullum ban sani ba, har yau abin yana damuna saboda hakkin mutum ba wasa ba ne. Sannan Value yana ɗauke da sakan, ka mayar da su sifili kafin lissafi.

Sabon_shiga:
Alhamdulillah ya yi! Kuma kin ce gaskiya Hours ɗin na sa, yanzu na canza. To amma mai gadin wajen wani lokacin 6 na safe yake shiga sai 6 na safen gobe, shi kuma 0 nake samu.

Tsohon_hannu:
Nan kam dabarar AddDays ba za ta san ko awa 24 ya yi ko bai zo ba. Ka sa Format ya zama Custom, CustomFormat kuma dd/MM/yyyy HH:mm, mai shigar da bayanan ya zaɓi ranar da kansa. Babban HH fa, ƙaramin hh na awa 12 ne.