Sinkiritizim, mi za mu ce mata da Hausa?

Jama'a ku taimaka, ƙanwata na rubutun gama makaranta kan gyaran ruwa da ake yi a Argungu kafin a shiga su, wato kamun kifi, sai ta ci karo da kalmar nan ta Turawa sinkiritizim, wato mutum ya yi kalmar shahada yana sallah yana azumi amma bai daina yanka ma iskoki ba ko zuwa wurin ɗan bori in ciwo ya ƙi ji. Ta ce Yaya mi zan rubuta da Hausa, wallahi shiru na yi.

Abokina ya ce ta sa shirka kawai a wuce wurin. Ni ban yarda ba, kuma ba tsafi nake karewa ba Allah ya tsare. Shirka hukunci ne, ita ko kalmar Baturen siffanta halin kawai take yi, kuma kan hukuncin ne aka daɗe ana ja. Bayan jihadin 1804 Shehu Laminu na Borno ya rubuto ma masu jihadin cewa mutanen da kuke yaƙa suna shahada suna sallah, saɓo ba ya kafirta musulmi, Muhammadu Bello ya amsa mai cewa wanda ke yanka don itace da dutse ya wuce mai saɓo, ya warware shahadar tashi. To in ɗaliba ta rubuta shirka tun layin farko ai ta yanke shari'ar da manya sunka yi ta musayar wasiƙu a kai.

Wani ya kawo gamin gambiza, akwai raini ciki. Cakuɗa ta yi faɗi, har garin kwaki cakuɗa shi ake.

Shehu Usmanu da ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara yana da kalma tashi, ya kasa mutane uku, musulmi tsantsa da waɗanda ba su taɓa karɓa ba da masu takhliɗi a tsakiya. Ta dace sosai, sai dai in ba almajiri ba wa ya san ta?

Ni abin da ya kwanta min shi ne surki, yadda uwa ke surka ruwan zafi da na sanyi ta yi ma yaro wanka, duka biyun na cikin bokitin. Surkin addini, mai yi kuma mai surki. Damuwata ɗaya a kunne ta yi kusa da shirka da surkulle. Na dai ce mata ta rubuta surkin addini ta ambaci takhliɗi sau ɗaya a farko. Mutanen Gummi da Anka, surki kuke cewa ko sirki, don ranar Litinin za ta miƙa babin.