Neman kalma: wurin da koguna biyu ke haɗuwa

Mai Shiri: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan naɗi shirin rediyo kan manyan kogunan Afirka, kalmomi biyu sun hana ni sakat: confluence da tributary. Ga abin da na rubuta: Kogin Neja ya taso daga tsaunukan Gini, kusan kilomita 240 kawai daga teku, amma ya ba tekun baya ya nausa Mali, ya ratsa Bamako da Yamai, sai a Lokoja ya gamu da Binuwai. To wannan wuri na Lokoja me sunansa?

Ɗan Zango: Mararraba mana.

Malama Mai Alli: A'a ƙanena, a mararraba rabuwa ake yi. Nan kuwa biyu ne suka shigo, ɗaya ya fita. Mahaɗa nake koya wa ɗalibaina. Mahaɗar Neja da Binuwai, mahaɗar Nilu Fari da Nilu Shuɗi a Khartum. Ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarta.

Dattijo: Malama, mahaɗa ta 'yan boko ce, har wayar lantarki mahaɗa gare ta. Iyayenmu magama suke cewa, daga gamuwa. Magamar ruwa. Muna da tamu, me ya kai mu kame-kame?

Almajiri: Baba, Allah ya ƙara girma, ai ita ma mahaɗa daga haɗuwa take. Majma'ul bahraini na Suratul Kahfi, mahaɗar tekuna biyu muke ji a wajen tafsiri.

Mai Shiri: Na gode. Ta biyun fa? Kamar Gongola da ke zuba a Binuwai a Numan, ko Kogin Kaduna da ke zuba a Neja.

Ɗan Zango: Reshe.

Malama Mai Alli: Shi ake yawan rubutawa, amma ban gamsu ba. Reshe daga jikin uwa yake fita. Gongola kuwa kawo ruwa yake yi. Inda Neja ke da rassa na gaskiya shi ne can kudu, inda ya rarrabu kafin ya faɗa teku. In ka ba Gongola reshe, waɗancan me za ka ba su?

Maƙerin Kalma: Shi ya sa na daɗe ina cewa maƙari. Abin da ke ƙara wa kogi ruwa. Maƙari, jam'i maƙarai. Gongola maƙarin Binuwai ne, Binuwai maƙarin Neja ne. Tsaf!

Ɗan Zango: Yaya, a rediyo za a ji makari, a zaci maganin sammu ake talla.

Maƙerin Kalma: Wanda bai iya bambanta ka da ƙa ba, me yake yi gaban makirufo? Da Bature ne ya ƙirƙiro ta da tuni kun haddace.

Dattijo: Tun da an zo nan, wa ya ce sunansa Neja? Kwara muka gada.

Malama Mai Alli: Baba, in ya ce Kwara, rabin masu sauraro jihar za su tuna, hankalinsu ya tafi Ilori.

Basakkwace: Ku dai kun fi son kogi a komi. Mu gulbi muka sani. Hausar Kano ba ita kaɗai ta Hausa ba.

Maƙerin Kalma: Maƙarin gulbi ma ya zauna daidai.

Mai Shiri: Jama'a dare ya yi. Zan ce mahaɗa, in ambaci magama sau ɗaya don Baba. Ta biyun zan ce kogin da ke zuba a Binuwai kawai.

Dattijo: Sau ɗaya. To, ya fi babu.

Maƙerin Kalma: Kalmomi huɗu a madadin ɗaya. Lokacin shirinka ne, ba nawa ba.