Farfesun tarwaɗa da Littafin Firistoci, a amsa mini da waƙa

Ɗan ƙungiyar mawaƙa:
Salama jama'a. Yau da safe ina karatun sura 11 sai ga Mama da farfesun tarwaɗa, kuma kun san tarwaɗa ba ta da ɓawo, cokali na hannuna na rasa yadda zan yi. To ga nawa baitin:

Na buɗe Firistoci, sura ta sha ɗaya,
An hana raƙumi da zomo gaba ɗaya,
Kifi marar ɓawo ma an ce a bar shi a ruwa,
Amma an halatta fara mai cinye mana dawa!
In dokar ta wuce, me ya sa muke karanta ta?
In tana nan, ku faɗa mini in kife tukunyata.

Dattijon ikkilisiya:
Ɗana, sha romonka tun bai huce ba.

Bitrus na kan soro a Yafa, yunwa ta kama shi,
Mayafi cike da dabbobi ya sauko gabanshi,
Aka ce yanka ka ci, ya ce bai taɓa ba,
Sau uku aka yi, shi dai bai gane ba,
Sai da ya shiga gidan Karniliyas, wanda ba Bayahude ba, a Kaisariya,
Ya ga ashe mutane ake nufi, su ne aka buɗe wa hanya.

Malamin asibiti:
Baba, ni a ganina maganar lafiya ce kawai,
Mai ciwon fata a keɓe shi kwana bakwai,
Firist ya duba, in da shakka a ƙara bakwai,
Keɓe masu cuta kenan tun kafin zuwan allurai.

Dattijon ikkilisiya:
Likita, maƙwabtanmu na cin raƙumi shekara da shekaru,
Ga su nan garau, ba su kwanta ba, ba abin da ya faru.
In don lafiya ne, me ya kawo tsarkake kuturu da tsuntsu biyu?
A yanka ɗaya, a saki ɗaya ya tafi da rai, ya rayu.
Horo ne ga Isra'ila, a ci, a sha, a tufafi,
Su san kusantar Mai Tsarki ba shiga kasuwa ba ne da tafi.

Uwar zumuntar mata:
Baba da girmanka, duk kun tsaya kan tukunya, ba wanda ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, sura 12 nake nufi, ni da na yi wankan jego sau shida.

In namiji aka haifa, kwana arba'in ne,
In mace ce kuma, sai tamanin, wannan mene ne?

Matar fasto:
Yaya, hadayar dai iri ɗaya ce, mace ko namiji,
Ɗan rago da kurciya, karanta aya ta 6 ki ji,
Marar hali ta kawo tsuntsu biyu, an karɓa mata,
Maryamu ma su ta kai Haikali, Luka ya rubuta.
Ga kuma mai zubar jini shekara sha biyu cur,
A doka wanda ya taɓa ta ya ƙazantu, tir,
Ta kutsa cikin taro har wurin Yesu, ta taɓa gefen rigarsa,
Ƙazanta ba ta hau shi ba, tsarki ne ya fito daga jikinsa.
Kuturu ma hannu ya miƙa ya taɓa shi,
Wanda doka ta kai bayan zango, ya maido shi.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa:
Mama kin gama da ni. Amma taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 ai bai share komai da komai ba, ya bar mana huɗu:

Abin da aka yanka wa gunki, da jini, da maƙararriyar dabba,
Da fasikanci, tarwaɗa kam ba ta shiga lissafi ba.
Markus 7 ya ce daga zuciya ƙazanta ke fitowa,
Hassada, ƙarya, girman kai, can ne nawa wankin ke jira, 'yan'uwa.

Uwar zumuntar mata:
Ɗana ka samu kifinka, Allah ya sa albarka,
Ni tamanin ɗina na nan, Baba, Lahadi ina ƙofarka.