Muhawara: Mutum yana neman kashe kansa, ɗan sanda ne ya kamata ya zo?

Anti Nas: Jama'a, zan faɗi maganata ba kwana-kwana. Duk inda mutum ya kai ga yunƙurin kashe kansa, bai kamata a tura ɗan sanda ba. Mutumin nan marar lafiya ne, ciwon damuwa ko wata masifa ta rufe masa ido har ya daina hango gobe. Me zai gani in kaki ya iso? Jiniya, bindiga, ankwa, da tsawa. Na sha karɓar irinsu a ɗakin agajin gaggawa, an kawo su hannu a ɗaure, wuyan hannu ya kumbura, kuma tambayar farko da ke fitowa daga bakinsu ita ce, "Kotu za a kai ni?" Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ranar da abin ya sake taso masa ba zai gaya wa kowa ba.

Tsohon Sufeto: Anti, ban ce ƙarya kike yi ba, ankwar nan na gan ta da idona. Amma in ba mu ba, wa za a tura? Ƙarfe biyun dare mutum ya kulle kansa a ɗaki, ƙila da makami, ƙila da yara a gidan. Likita ba shi da hurumin ɓalle ƙofar wani. Nas ba za ta tsayar da motoci a kan gada ba, ba za ta kori 'yan kallon da suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar bidiyo ba. Ki cire mu daga lissafi, likita ba zai faɗo daga sama ba. Wurin zai zauna babu kowa ne kawai.

Dakta: Wannan gardamar an daɗe ana yin ta a Amurka. A 1987, a birnin Memfis, an kira 'yan sanda saboda wani matashi baƙar fata ɗan shekara 27 da yake raunata kansa da wuƙa. Waɗanda aka kira su cece shi, su suka harbe shi har lahira. Gari ya ɗauki zafi. A 1988 aka kafa runduna ta musamman: 'yan sandan da suka sa kansu, a ba su horon awa 40 tare da likitocin ƙwaƙwalwa da iyalan marasa lafiya, a kuma tanadi asibitin da zai karɓi mutum nan take. Garuruwa da yawa sun kwaikwayi tsarin. Masu bincike sun ga yana gyara tunanin ɗan sanda, yana ƙara kai mutane asibiti maimakon bayan kanta, amma hujjar cewa yana rage harbi ba ta da ƙarfi. A ƙididdigar da jaridar Washington Post ta fara a 2015, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda 'yan sandan Amurka suka harbe suka mutu yana da larurar ƙwaƙwalwa.

Anti Nas: Ka ji ko, Yallaɓai? Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu wanda za a tura. A Sitokholm, babban birnin Suwidin, tun 2015 suna da motar asibiti ta masu larurar ƙwaƙwalwa, nas biyu ƙwararru da direba mai horon agaji. A Denba ta Amurka, a 2020 suka fara tura ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa da ma'aikacin agajin gaggawa, babu bindiga babu kaki. A wata shida na farko sun amsa kira sama da 700, ba a kama mutum ko ɗaya ba.

Tsohon Sufeto: Ki tambaya wane irin kira ake tura su. Wanda babu makami, babu barazana ga kowa. Mai wuyar dai mu ake bar wa.

Dakta: Yallaɓai yana da gaskiya a nan. Ingila ma ta bi ta hanyar da Anti take so. Rundunar 'yan sandan yankin Hambasaid ce ta fara, ta Landan ta biyo baya a watan Nuwamban 2023, suka ce sun daina zuwa yawancin kiran da ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, aikin asibiti ne. Amma sun bar ƙofa ɗaya a buɗe: in rai yana cikin haɗari a lokacin, za su zo. Ƙungiyoyin marasa lafiya kuma suka yi ta ƙorafin cewa 'yan sanda sun janye alhali asibitoci ba su shirya cike gurbin ba.

Barista: Ku yi haƙuri, duk kuna magana a kan halin ɗan sanda, kun tsallake takardar da ke aljihunsa. Ɗan sanda doka yake aiwatarwa. A Ingila tun 1961 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi, kuma sashe na 136 na dokar lafiyar ƙwaƙwalwarsu ta 1983 ya ce ɗan sanda ya kai mutum wurin da zai tsira, likita ya duba shi. A 2017 suka rage tsawon riƙon daga awa 72 zuwa 24, suka hana saka wanda bai kai shekara 18 ba a ɗakin tsaro na caji ofis. To kwatanta da ƙasar da dokarta ta ce laifi ne. A Nijeriya, sashe na 231 na Final Kod, kundin hukunta laifuka na arewa, ya tanadi ɗauri har shekara ɗaya ko tara ko duka biyun, sashe na 327 na kundin da ake aiki da shi a kudu ma shekara ɗaya ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ba ta soke su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe sama da 20 suna da irin wannan doka. A irin waɗannan wurare, ko waliyyi ka sa wa kaki, abin da ke gabansa wanda ake tuhuma ne.

Maman Ummi: Barista, wallahi abin da ya same mu ke nan. Ƙanena ne. Ya kulle ƙofa, muka rasa yadda za mu yi, maƙwabci ya kira 'yan sanda. Wani kofur a cikinsu, Allah ya saka masa da alheri, ya ce kowa ya fita tsakar gida, ya sa aka kashe jiniya, ya zauna a ƙasa bakin ƙofar. Bai ce "buɗe" ba ko sau ɗaya. Sunansa ya tambaya, ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci. Tun muna jin muryar kofur shi kaɗai har muka fara jin ta ƙanena. Da kansa ya zare sakata. Muna murna, sai aka ce sai an je ofis an rubuta bayani. A can aka karɓi belet ɗinsa da takalmi, aka tura shi bayan kanta tare da waɗanda aka kamo da sata, wani jami'i yana ce masa, "Kai da kake son mutuwa, me ya hana ka?" Sai da muka yi belinsa kafin muka kai shi asibiti. Har yau in ya ga motar 'yan sanda jikinsa rawa yake. Ni ban san ɓangaren da zan bi ba a muhawarar nan, domin ɗan sanda ne ya cece shi, ɗan sanda ne kuma ya wulaƙanta shi.

Baban Sadik: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Amma ni ina tsoron a cire hukuncin. Abin nan haramun ne, kowa ya sani. In aka ce babu kamu babu kotu, ba an buɗe wa matasa ƙofa ba ke nan?

Barista: Malam, wanda ya yanke ƙauna daga rayuwa, ɗaurin shekara ɗaya ne zai tsorata shi? Wanda dokar take tsoratarwa shi ne uwa da za ta kira taimako, da likitan da zai rubuta gaskiya a kati. Shi ya sa ake ɓoyewa. Pakistan ta soke tata a 2022, Maleshiya da Gana a 2023, Indiya ta rufe hanyar gurfanarwa da dokar 2017. Ba su halatta komai ba, sun dai cire ɗan sanda daga matsayin mai kamu.

Anti Nas: Kuma Malam, babu wanda ya ce halal ne. Amma muddin yana numfashi ƙofar tuba a buɗe take. Aikinmu mu riƙe shi a raye.

Dakta: Akwai binciken da ya kamata kowane ɗan sanda ya sani. A 1978 Richard Seiden na jami'ar Kalifoniya ya bi sawun mutum 515 da aka hana su halaka kansu a gadar Golden Gate ta San Faransisko tsakanin 1937 da 1971. Ya tarar kashi 94 cikin 100 suna raye ko sun yi mutuwar Allah da Annabi. Wannan hali yana tasowa da ƙarfi ne, sannan ya lafa. Duk wanda ya sayo wa mutum awa ɗaya, sau da yawa shekaru ya sayo masa.

Tsohon Sufeto: To nan ne matsalarmu take, kuma zan faɗa tunda na san gidan. Horon da ake ba kurtu gaba ɗayansa a kan gama aiki da sauri yake. Ka iso, ka mamaye wuri, ka ba da umarni da ƙarfi, in an ƙi bi ka ƙara ƙarfi. Da ɗan fashi wannan yana aiki. Da mai neman mutuwa kuwa, kowane mataki na horon nan tura shi yake. Ka ce "ajiye wuƙar ko in harbe ka" ga mutumin da abin da yake nema ke nan, me ka yi? Kuma yawanci ɗan sandan ne da kansa yake matsowa kusa, sai ya shiga tazarar da wuƙa za ta same shi, sannan ya ce ba shi da zaɓi. Zaɓin yana nan tun farko: ka ja baya, ka sa mota ko bango tsakaninku, mutum ɗaya ya yi magana, sauran su yi shiru, a kori 'yan kallo, a jira. A birnin Luwibil na Amurka an koya wa 'yan sanda wannan, binciken da aka fitar a 2020 ya nuna amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunin da 'yan sandan kansu suke ji ya ragu da kashi 36. Kevin Briggs, tsohon sajan ne da ya yi aikin sintiri a gadar da Dakta ya ambata, ya shawo kan mutum sama da 200. A 2005 ya tsaya minti 92 da wani matashi, yawancin lokacin sauraro yake. Shi ma kaki ne a jikinsa, Anti.

Anti Nas: Kaki ne, Yallaɓai, amma aikin nas ya yi. Kuma ba zan jingina ran ɗan'uwana ga sa'ar cewa kofur ɗin Maman Ummi ne yake bakin aiki ranar ba. In dole sai kun zo, ku tsaya a waje ku tsare hanya, ma'aikacin lafiya ya shiga. Sannan daga wurin sai asibiti, ba a biyawa ta ofis.

Tsohon Sufeto: Maganar asibiti kai tsaye na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Tsayawa a waje kuwa, in akwai makami ba zan bar ki ki shiga gaba ba.

Maman Ummi: To ni ku gaya mini. In abin ya sake faruwa cikin dare, Allah ya kiyaye, me zan yi?

Anti Nas: Tun yanzu ki karɓi lambar likitansa ko nas ɗin da ke duba shi, ki kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. In kin ga alama ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin. Kada ki bar shi shi kaɗai. In zai bi ki, ku wuce asibiti.

Tsohon Sufeto: In kuma ya kulle ƙofa ko yana riƙe da wani abu, ki kira mu, Hajiya, kada abin da ya faru ya hana ki. Amma ki faɗa tun a waya cewa marar lafiya ne, kansa kaɗai yake barazana, a zo ba jiniya. Ki tare su a ƙofar gida ki gaya musu sunansa da abin da ke tayar masa da hankali. Ki nemi babban da ke cikinsu ki ce asibiti za a kai shi, kuma wani namiji daga cikin dangi ya shiga motar tare da shi.

Barista: Ki riƙe katin asibitinsa a kusa. In an dage sai an je ofis, ki nuna shi, ki kira lauya tun kuna hanya, kada ya sa hannu a wani bayani kafin likita ya gan shi.